Maganar Yaye, Kafin Ki Haye Gulbi

Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga autata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaishe da maigidanki Malam Usmanu, ina kuma gaishe da nawa maigidan, wanda haƙoransa ba su gama cika baki ba amma ya fi ku duka iko a kaina. Allah Ya sa takardar nan ta iske ku lafiya, Ya tsare ki a hanyar da za ki kama, a tudu da cikin jirgi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda aka tura ki.

Ranar da kika zo gaishe ni kin gaya mini abu biyu. Na farko, ma'aikatarku ta Sakkwato ta tura ki ƙauyukan hayin gulbi, bayan Argungu, aikin raya karkara, sashen mata da ƙananan yara. Na biyu, kina so ki yaye yaron kafin ki tafi, ko da yake lokacinsa bai yi ba, ki kawo mini shi, ki kuma ɗauki wata mata ta riƙa yi mana girki. Ba ki ambaci sunansa ba, kika ce "yaron nan" kina kallon tabarma, kamar yadda ya dace da uwar ɗan fari, balle wanda ya ci sunan mahaifinki. Ban amsa miki ba, har kika maimaita da ƙarfi don zaton ban ji ba. Kunnena lafiya lau yake. Mijinki yana zaure yana jiranki, ni kuwa ba na yanke magana mai nauyi ga wadda mayafinta ke kafaɗa. Ga amsar a rubuce. Amma sai kin bi ni ta hanyar da na bi kafin na iso gare ta, domin aikin da aka ba ki na yi irinsa tun zamanin En'e, lokacin da ba shi da ofis balle mota, kuma na yi tuntuɓe a wuraren da ba na so ƙafarki ta taɓa.

Kin san ina cikin 'yan matan farko na garin nan da aka sa a makarantar boko. Kakanki malami ne, sai da na sauke Alƙur'ani a hannunsa kafin ya yarda, kuma da aka yi masa surutu ya ce ilmi bai taɓa lalata wanda ya ji tsoron Allah ba. Na gama, na koyar da yara na ɗan lokaci, sannan aka ce in riƙa zagaya ƙauyuka ina koya wa matan aure karatu da tsabta da renon yara. A cikin wuraren da aka ba ni akwai Tungar Gawo, garin masunta da manoman shinkafa, wanda in ruwa ya cika fadama ba a isarsa sai da jirgi. Na tafi da kaina sama. Ina da takardar shaida, ina da sikelin da na aro a ɗakin shan magani, ina kuma da yaƙinin cewa abin da ya raba yaran can da lafiya shi ne ba a taɓa aika musu mace irina ba.

Taron farko a gidan maigari aka yi shi. Mata suka cika tsakar gida, kowace da goyonta. Na rataya sikeli a reshen bishiya, na fara ɗora yara ɗaya bayan ɗaya, sai na ji wata tsohuwa daga baya ta ce, "Gujiya aka azawa bisa wanga abu. Su kuma ɗiyan, wa za ya saye?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ban kula ba. Can na kai ga wata jaririya mai ƙiba, fata tana sheƙi. Na ɗaga ta sama kamar yadda na ga Baturiyar da ta koyar da mu tana yi, na ce, "Ku dubi wannan, ku dubi cinya, ku dubi kumatu. Haka ake so ɗan kowa ya zama." Na ba uwar sabulu kyauta. Uwar ta karɓe ɗiyarta da sauri, ta rufe ta da zane, ta fita ba ta ɗauki sabulun ba.

Ni da na tashi a gidan malamai, ban ce tubarkalla ba. Na yabi jikin ɗiyar mutane a gaban taro, da ƙarfi, kamar mai tallan saniya. Bayan kwana kaɗan yarinyar ta kwanta zazzaɓi, irin wanda ke kama kowane yaro a ƙarshen damina, gari kuwa ya ɗauka bakin Malama ne. Allah Ya tashe ta, na gode Masa har yau, don da ta tafi ba na jin ƙafata ta sake taka garin. Amma taro na biyu, ni da sikelina da kajin maigari muka yi shi.

Ba na ce ki yarda baki yana kwantar da yaro ba. Wannan tsakaninki ne da iliminki. Abin da nake cewa shi ne, uwar da ta ji tsoron bakinki ba za ta sake kwance goyonta a gabanki ba, kuma yaron da ba ki gani ba, ba ki da yadda za ki taimake shi. In za ki auna, ki auna cikin ɗaki, ke da uwa, ki riƙe abin da kika gani a cikinki. Kada ki ɗaga ɗan wata don ki kunyata ɗan wata. Ki bar sunan Allah ya riga yabonki fita.

Da ƙyar na samu mata suka fara dawowa, ta hanyar matar liman wadda take son koyon rubutu. A cikinsu akwai wata yarinya, Ige, mai haihuwar fari, tana zuwa tare da uwar mijinta. Na lura yaronta yana zawo. A gaban kowa na tambaye ta sunansa, ta kau da kai. Na tambaye ta watansa nawa, ta ce, "Ban sani ba." Na tambaye ta tun yaushe yake zawo, ta ce, "A tambayi Inna." Raina ya ɓaci. Na yi mata faɗa sosai, na ce uwar da ba ta san ciwon ɗanta ba ba ta cancanci goyo ba.

Dubi abin mamaki, Balkisu. Har gobe ban taɓa kiran babban yayanku da sunansa ba. Na san wannan kunya ciki da bai, a jikina take. Amma da na tsaya a gaban mata da alli a hannu, sai na ga kamar doka ce ta gida wadda ba ta shiga aji. Da aka tashi, na zagaya bayan rumbu don in wanke hannu, sai na iske Ige a tsugune. Ta kwance yaron, tana ɗiga masa ruwa a baki da yatsa, tana kiransa da wani suna na lallashi, hawaye yana zuba. Da ta gan ni ta miƙe zumbur kamar wadda aka kama da sata. Na tsuguna na sa ta ta zauna, kuma a nan, ba kowa, ta gaya mini ranar da zawon ya fara, da abin da ya ci, da komai.

Shirun uwar ɗan fari ba rashin so ba ne. Ke kanki shaida ce. Kada ki tambaye ta a gaban surukarta abin da al'ada ta hana ta amsawa, sannan ki hukunta ta da shirun. Ki nemi bayan rumbu, ko bakin rijiya, ko wurin turmi. Rabin aikinki a irin waɗannan wurare za ki yi shi.

Yanzu ga babban, wanda ya shafi abin da kika roƙe ni.

Na daɗe ina koyar da matan, suna ji, wasu har suna aikatawa, amma yara masu kumburin ƙafa da jan gashi ba su ragu ba. Sai daga baya na lura cewa waɗanda ke kan nono yawancinsu lafiya suke. Masu kumburi, yayayyu ne. Kuma yayayye ba ya hannun uwarsa. Kin san yadda ake yi: rana ɗaya a ba shi rubutu ya sha, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauke shi a kai gidan kaka, wani lokaci a wata tunga dabam. Yaron da bai san komai ba sai nono ya wayi gari ba uwa, ba nono, ga tuwon manya a gabansa da hannun da bai saba da shi ba. Ya yi kuka har ya gaji, ya ƙi ci, zawo ya biyo baya. Wato ni ina ta koyar da waɗanda babu yaran a hannunsu, masu riƙe da yaran kuwa ban taɓa sallama a ɗakinsu ba.

Da na gane haka, maimakon in je in yi sallamar, sai na tafi wurin maigari na ce a hana kai yara yaye gidan kakanni. Na faɗe shi a zaure, a gaban dattawa, da hujjoji a jere. Maigari ya saurare ni da ladabi, ya ce za a duba. Kafin la'asar magana ta gama gari. Washegari tsohuwar nan mai maganar gujiya ta tare ni a hanyar mashaya. Sunanta Inna Tumba, ita ce ungozomar garin, kuma babu gidan da ba ta yanke wa cibiya ba.

Ta ce, "Malama, an ce kin ce mu ka kashe jikokinmu."

Na ce, "Ban ce haka ba, Inna. Na ce yadda ake yayen ne ke cutar da su."

Ta ce, "Ke wa yay yaye ki?"

Na ce, "Kakata."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "To ga ki nan, kin kai har kina yi muna doka." Ta wuce da tulunta.

Daga ranar ƙofofin tsofaffi suka rufe mini, kuma inda tsohuwa ta rufe ƙofa, surukarta ba ta buɗewa. A cikin wannan lokaci ne Ige ta samu ciki, aka yaye yaronta da wuri, bai wuce naki a girma ba, aka haye da shi wata tunga wurin kakarsa ta wajen uwa. Ruwa ya cika. Ban samu labarin ya kwanta ba sai bayan an rufe shi. Na je gaisuwa, na iske Ige tana daka, idonta a bushe, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani. Amma na kuma san cewa da ina shiga ɗakin tsofaffi a lokacin, da wata ta gaya mini, da na shiga jirgi.

Kada ki kai ƙarar al'ada wurin hukuma kafin ki zauna da masu riƙe da ita. Dokar zaure ba ta shiga ɗakin kaka.

Abin da ya buɗe mini ƙofofin nan ba dabarata ba ce. Ke ce. Na haife ki, na yi arba'in, lokacin komawa aiki ya yi. Mahaifiyata ta riga ta rasu. Dangin mahaifinki sun ce in bar aikin ko in bar musu ke, ni kuwa kin san halina, ban iya karɓar zaɓin da wani ya yanka mini ba. Na goya ki na shiga jirgi. Yayyenki duk a Birnin Kebbi nake barinsu, ban taɓa ambatonsu a tunga ba don ina ganin bai dace da ma'aikaciya ba, ashe mutanen garin sun daɗe da yanke cewa ba na haihuwa.

Muna isa mashaya, ga Inna Tumba da wasu mata suna wanke shinkafa. Ta ɗago, ta ga ƙafafunki suna reto a kwiɓina. Ta ajiye ƙwarya.

"Ashe Malama na haihuwa?"

Na ce, "Da ikon Allah."

"Sauko da ita in gani."

Na kwance ki ina ɗari-ɗari. A lokacin kuwa kin yi ɓulɓul, wuya har ya ɓace. Ta karɓe ki, ta juya ki, ta taɓe baki, ta ce, "Wagga ɗiya mi taka ci? Ƙahwahu awa na balbela, ido duk ya zurma. Takarda kika jiƙa mata tana sha?"

Na buɗe baki zan mayar mata, sai na ga matan suna dariya, suna matsowa, wannan ta karɓe ki ta ce mummuna, waccan ta ce ba mai aurenki. Kowace ta zage ki, kowace kuma ta rungume ki. A nan abin ya faɗo mini. Uwa ba ta iya magana a kan jikin ɗanta saboda kunya. Baƙo ba ya iya yabonsa saboda tsoron baki. Amma tsohuwa tana da izinin faɗin komai a kan jika, muddin da sigar tsiya ta faɗe shi. Yabo ne suke yi miki, sun juya masa riga don kada a gane shi.

A gefen Inna Tumba akwai jikanta Garba, wanda aka kawo mata yaye, yana zaune a ƙasa, ciki a gaba, gashi ja, ba ya ko korar ƙuda. Na yi ta maza na ce, "To ke naki mijin fa, Inna? Ciki kamar tulu, gashi kamar gemun masara. Da gani matarsa ba ta iya girki ba. Ki ba ni shi in aura, ki ga yadda ake riƙon miji."

Dariyar ta tsaya. Na ce a raina na sake ɓata komai. Ta dubi yaron, ta daɗe tana dubansa, kuma na ga abin da ke fuskarta ba fushi ba ne, tsoro ne da ta jima tana ɓoyewa. Sannan ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "Ji mai takarda, za ta ƙwace mani miji. To taho gida ki gwada mani girkin naki, in gani ko ya hi nawa."

Haka makarantar kakanni ta fara, ko da yake ba wanda ya taɓa kiranta makaranta. A tsakar gidan Inna Tumba muke haɗuwa, ranar da suke turara shinkafa, don ba mai barin aikinta ta zo sauraron wa'azi. Na nuna musu kunun shinkafa mai kauri da gujiya, da garin busasshen kifi, irin ɓarɓashin da ke taruwa a gindin kwando ana watsa wa kaji. Suka ce ƙaya za ta laƙe wa yaro. Muka daka, muka tankaɗe da rariya, na ci a gabansu, na ba ki a gabansu da kika isa ci. Muka ƙara ganyen zogale. Aka koma gasa, kowace tsohuwa tana kawo nata mijin a yi masa tsiya. In aka ce wa yaro ya yi muni har ba a iya ɗaga shi, kakarsa ta koma gida tana taƙama. In na ce wa wata, "Naki angon iska za ta ɗauke," ta san abin da nake nufi, kuma ba ta ji kunya ba, don wasa ne. Da haka nake sanin halin kowane yaro a garin ba tare da na rataya sikeli ba.

Yayen kansa ba mu hana shi ba. Abin da muka sauya kaɗan ne. Aka yarda kada a yaye yaro sai ya iya cin kunu sosai tun yana kan nono, kuma kakar da za ta karɓe shi ta riƙa zuwa tana ba shi da hannunta kafin ranar, har ya san ƙamshin zanenta. Aka kuma yarda in ba dole ba kada a yi yaye a cikar ruwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hanya ta yanke. Ba duka suka bi ba. Inna Tumba kanta har ta koma ga Allah ba ta yarda da tafasa ruwan sha ba, tana cewa ruwan da aka kashe ba ya kashe ƙishirwa, kuma mun yi ta faɗa a kan haka kamar za mu daku. Mun rasa wasu yaran duk da kunun. Amma da yawa sun tashi. Garba yana nan, yana da jirginsa da iyalinsa, har yanzu Tulu ake kiransa a garin, kuma busasshen kifin da kike ci a miyata duk shekara daga hannunsa yake fitowa.

Ina so ki san bashin alherin da ke kanki a wannan ƙasa. Kin yi rarrafe a tsakar gidajensu. In ina koyarwa, duk wadda ta samu sarari ita ke goya ki. Ige, wadda na yi wa faɗa a gaban mutane, ita ta fi kowa ɗaukarki, kuma ba ta taɓa tuna mini ba. Ranar da kika yi zazzaɓi a can, maza huɗu suka bar yankan shinkafa suka tuƙa mu zuwa Argungu, suka ƙi ko shan ruwa a gidan da muka sauka don kada a ce lada suka zo nema. Ni aka aika in koya musu reno, sai ga shi sun rena mini ɗiya. In na zauna ina lissafin ni'imomin da Allah Ya yi mini, bayan Musulunci da iyaye, matan Tungar Gawo nake sawa.

Saura ƙananan abubuwa, na san za ki gane su da kanki, amma uwa ba ta iya yin shiru. Kada ki kira taro a lokacin yankan shinkafa ko dashen albasa, sannan ki ce mutane ba su son ci gaba. Ki fara gaida liman da maigari, amma kada ki zaci kin gama da gari don kin gama da zaure. Abin da aka ba ki ki ci, ko kaɗan ne. Kada ki yi alkawarin rijiya ko magani da bakin Sakkwato sai kin ga abin da idonki, domin ranar da bai zo ba, manyanku suna ofis, ke ce za ki bi ta mashaya. In kuma maza suka yi gayya suka haƙa rijiya, ki bar su su ce tasu ce.

To, ga amsata. Ba zan karɓi yaron yanzu ba. Kada ki yaye shi. Ki goya shi ki haye da shi.

Kada ki ce don na gaza ne. Gwiwata tana ciwo da sanyi, gaskiya ne, amma ni ke share ɗakina, ni ke dafa abincina, kuma zan iya riƙon yaro uku irinsa. Na ƙi ne don bai gama da nono ba, bai iya cin kunu yadda ya kamata ba, kuma hannuna bai sani ba sai na wasa. Ba zan shafe ƙuruciyata ina roƙon tsofaffin tunga su jinkirta yaye ba, sannan in tsufa in karɓi jikana kafin lokacinsa don gidana na birni ne. Cikin yaro bai san birni ba. Kuma ta yaya za ki tsaya a gaban matan can ki ce su shayar har lokaci ya yi, alhali ƙirjinki yana tsatsafar nonon da kika hana naki? Za su gani. Mata ba su rasa ganin irin wannan. Za ki sha wahala da shi, ban ɓoye miki ba: ga zafi, ga sauro, ga jirgi. Ki tafi da gidan sauro, ki tafasa ruwansa ko da an yi miki dariya, ki tabbata an yi masa alluran da suka rage kafin ku tashi. Amma ki sani, takardarki za ta kai ki zaure ne kawai. Shi zai shigar da ke ɗaki.

Akwai kuma abin da ba ki faɗa ba. Kin dubi gidan nan, kin ga ni kaɗai tun rasuwar mahaifinku, kin ga tafiyarki za ta ƙara masa shiru, sai kika haɗa dabara: a ba tsohuwa jika ya ɗebe mata kewa, a haɗa da mai girki wadda ainihin aikinta gadin tsohuwar ne. Na gane tun kafin ki rufe baki. Na gode, Allah Ya ba ki masu jin ƙanki haka. Mai girkin ki riƙe ta, ke za ta yi wa amfani a can, ta riƙe shi in kina cikin taro. Ba zan yi miki ƙarya ba, tun ranar da kika yi maganar na duba inda zan shimfiɗa masa, har na ciro ƙaramin akushin da kuka ci a ciki na wanke. Ina son yaron nan a ɗakina fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ba a cire yaro daga nono don a yi wa tsohuwa maganin kewa. Na mayar da akushin inda yake.

In lokacinsa ya yi, bayan ruwa ya janye an kai shinkafa gida, ki aiko mini. Ba kawo mini shi za a yi ba. Ni zan zo, in zauna tare da ku, in riƙa ba shi kunu da hannuna har ya daina waiwayarki in yana ci, sannan in taho da shi. Kada ki nemo mini motar ofis. Na san tasha, na san mashaya, kuma akwai mai jirgin da ba zai bari in jiƙa ƙafa ba. In Malam Usmanu yana da ja a kan wannan, kada ki yi gardama da shi, ki ce ya zo ya same ni. Mutum ne mai hankali, za mu fahimci juna.

Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ku daga sharrin ruwa da na tudu, da ciwon da ake gani da wanda ba a gani. Ya sanya albarka a nononki da harshenki, Ya sa yaran da za ki taɓa su girma su riƙe iyayensu. Ya jiƙan mahaifinki, Ya jiƙan Inna Tumba da ɗan Ige, Ya sa mu cika da imani. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Shi kuwa maigidana, ki gaya masa na ƙi tarewa bana. Mummuna ne, ga rowa, ko goro bai taɓa ba ni ba. Ya je ya ƙoshi tukuna, zan zo in duba ko ya isa aure.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Inna.